Hasumiyar Gobarau da Takwarorinta na Faransa

Birnin da yake da ganuwa dole ya samu wuri mai tsayi, inda za a hango abokan gaba tun suna nesa, a kuma kira jama'a. A Katsina hasumiyar Gobarau ce ta yi wannan aiki. Ginin ƙasa ne mai tsayin kimanin mita 15, ana danganta shi da zamanin Sarki Muhammadu Korau. Asalinta hasumiyar babban masallacin gari ce. Ladan kan hau ya kira salla, malamai na ba da karatu a gindinta, in an ji ƙishin-ƙishin yaƙi kuma masu tsaro su hau su duba ƙurar dawakai.

A arewacin Faransa ma buƙatar ke nan, sai dai masu ginin daban ne. Fatake da masaƙa da suka yi arziki da cinikin ulu ne suka karɓi takardar 'yancin tafiyar da garinsu daga hannun sarakuna, wani lokaci da kuɗi, wani lokaci da bore. Sai su gina zauren majalisar gari, su kafa hasumiyar ƙararrawa a jikinsa. Ƙararrawar ke shelar buɗe ƙofofi da rufe su, da tashin gobara, da zaman majalisa. A garuruwa da dama cikin hasumiyar ake ɓoye takardar 'yancin, ƙasanta kuwa kurkuku ne. Ta garin Aras an fara ta a 1463, shekarar da Muhammadu Rumfa ya hau gadon sarautar Kano, aka gama a 1554, tsayinta mita 75. Igwa ta rusa ta a 1914, aka sake gina ta yadda take.

A wurinmu muryar gari tana masallaci da fada: ladan, tambari, kakaki, sankira. Har yau a Dawakin Kudu ko Kura ko Bunkure, sanarwar yashe magudanar ruwan noman rani ta bakin mai unguwa da lasifikar masallaci take fitowa.

Hukumar UNESCO ta sa hasumiyoyi 56 na Beljiyam da Faransa cikin kayan tarihin duniya. Tsohon birnin Agadas da hasumiyarsa ta ƙasa mai mita 27 sun shiga a 2013. Gobarau ba ta shiga ba tukuna, kuma abin takaici ne. Ginin ƙasa yana son yaɓe bayan kowace damina, wannan kuwa nauyi ne a kan gwamnati da masarauta da attajiran Katsina.