Abin da ya kamata a duba kafin biyan kuɗin kwas na mai horar da motsa jiki

Wuraren motsa jiki na ƙaruwa a Abuja da Legas da Kano da Kaduna da sauran manyan birane, kuma matasa da dama sun fara kallon horar da mutane ɗai-ɗai a matsayin sana'a. Buƙatar ma tana nan. Alƙaluman da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2024 sun nuna cewa kashi 31 cikin 100 na manyan mutane a duniya, kimanin mutum biliyan 1.8, ba sa motsa jiki gwargwadon yadda ya kamata. Hukumar na ba da shawarar babban mutum ya yi motsa jiki matsakaici na minti 150 zuwa 300 a mako, tare da atisayen ƙarfafa tsoka aƙalla sau biyu a mako.

Sai dai matashin da ya buɗe intanet yana neman kwas zai tarar da tallace-tallace barkatai. Wani ya yi alƙawarin takardar shaida cikin kwana biyu, wani ya nemi ɗaruruwan daloli. Dukkansu takarda ce mai tambari za su bayar. Darajar takardar kuwa tana ga abu biyu: wa ya tantance cibiyar da ta bayar da ita, kuma shin wurin da mutum ke son yin aiki yana karɓar ta.

Wa ya tantance mai tantancewa?

Mafi yawan takardun da suka yi suna a wannan fanni daga Amurka suke. A can babu wata dokar tarayya da ta ce sai da lasisi mutum zai horar da wani, saboda haka kowane kamfani na iya shirya kwas ya buga takarda. Abin da ke raba tsaki da tsakuwa shi ne wata hukuma mai zaman kanta da ake kira NCCA. Ita ba ta koyarwa. Aikinta shi ne duba yadda cibiya ke tsara jarrabawa, da yadda ake sa ido a kanta, da yadda ake sabunta takarda, kuma tana yi wa jarrabawowin wasu sana'o'in kiwon lafiya irin wannan tantancewar.

Cikin cibiyoyin da jarrabawarsu ta samu amincewar NCCA akwai ACSM, wadda aka kafa a 1954 kuma ta fi karkata ga ɓangaren lafiya da bincike. Akwai NSCA ta 1978, wadda ta shahara wajen horar da 'yan wasa, sai ACE ta 1985 da NASM ta 1987, waɗanda suka fi yawa a wuraren motsa jiki na jama'a.

A nan akwai wurin da mutane ke faɗawa rami. Wasu cibiyoyin, ciki har da NASM da ISSA, suna da jarrabawa iri biyu. Ɗaya ana yin ta a gida ba mai sa ido, ɗayar kuma ana yin ta ƙarƙashin sa ido, kuma ita ce NCCA ta amince da ita. Sunan cibiyar ɗaya ne, amma nauyin takardun ba ɗaya ba ne. Don haka kafin a biya, a tambaya a rubuce wace jarrabawa ce ke cikin kuɗin. Jerin shirye-shiryen da NCCA ta amince da su yana nan a intanet, kowa na iya dubawa kyauta.

A ina za a yi aikin?

Wanda ke da niyyar aiki a waje ya san cewa kowace ƙasa da tsarinta. A Birtaniya ana bin matakai ne: mataki na 2 na mai kula da ɗakin motsa jiki, mataki na 3 na mai horar da mutum ɗai-ɗai, kuma cibiyar CIMSPA ce ke amincewa da kwasa-kwasan. Ƙasashen Turai suna da rajistar EREPS, Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa kuma tana da tata rajistar mai suna REPs UAE. Takardar da ta wadatar a wata ƙasa tana iya buƙatar ƙarin karatu a wata.

Wanda zai yi aiki a gida kuwa, hanya mafi sauƙi ita ce ya taka da ƙafarsa zuwa wuraren motsa jiki uku ko huɗu, ko otal-otal masu irin wannan sashe, ya tambayi manajoji takardar da suke karɓa da kuma yadda suke gwada sabon ma'aikaci. Matambayi ba ya ɓata, kuma wannan tambayar ba ta cin ko kwabo.

Kada kuma a raina abin da ke gida. Cibiyar Wasanni ta Ƙasa da ke Surulere a Legas, wadda aka kafa a 1974, tana horar da masu koyar da wasanni. Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya da Jami'ar Bayero da ke Kano da Jami'ar Ibadan suna da sassan nazarin motsa jiki da ilimin lafiya, haka ma kwalejojin ilimi da dama. Karatun ya fi ɗaukar lokaci, amma ya fi zurfi. Wata takardar ma, irin CSCS ta NSCA, ba a zama jarrabawarta sai da digiri ko kuma mutum yana shekarar ƙarshe a jami'a.

Sharuɗɗa da jarrabawa

Manyan cibiyoyin Amurka na neman mutum ya kammala sakandare, galibinsu kuma suna sa sharaɗin shekara 18. Suna kuma neman shaidar horo kan CPR, wato farfaɗo da wanda zuciyarsa ko numfashinsa ya tsaya, da amfani da na'urar AED mai dawo da bugun zuciya ta hanyar lantarki. Ƙungiyar Red Cross ta Najeriya na koyar da agajin gaggawa, amma ya dace a tabbatar tun farko cewa cibiyar za ta karɓi wannan shaidar.

Jarrabawar ACE tambayoyi 150 ce cikin awa uku, ta NASM kuma tambayoyi 120 cikin awa biyu. Ana iya zama a gida yayin da mai sa ido ke kallo ta kyamarar kwamfuta. Wannan na nufin sai an tanadi ɗaki shiru, da wuta da intanet da ba za su yanke ba.

Kuɗin da ba a gani a talla

Farashin da ke jikin talla ba shi ne ƙarshen lissafi ba. Akwai kuɗin littattafai, da na sake zama idan an faɗi, da na sabuntawa. Takardun ACE da NASM suna ƙarewa bayan shekara biyu, na ACSM da NSCA kuma zagayen shekara uku suke bi. Ba a sabunta su sai da shaidar ƙarin karatu, kamar awa 20 da ACE ke nema. Duk da dala ake biya. Mai samun kuɗinsa da naira ya lissafa abin da zai kashe a shekara biyar, ba na ranar rajista kaɗai ba, ya kuma tabbatar katin bankinsa na iya biyan kuɗi zuwa waje.

Abin da kwas na ƙwarai ke koyarwa

Mai horarwa lafiyar mutane ce a hannunsa. Cikin masu zuwa wurinsa akwai mai hawan jini da bai san yana da shi ba, da mai ciwon suga, da mace mai juna biyu, da dattijo mai ciwon gwiwa. Kwas na ƙwarai zai koyar da tsarin ƙashi da tsoka, da yadda zuciya da huhu ke aiki lokacin atisaye, da yadda ake yi wa mutum tambayoyin lafiya kafin a fara, irin na takardar PAR-Q, da alamomin da ke nuna a tsaya nan take: ciwon ƙirji, jiri, ko sarƙewar numfashi da ta wuce ƙima.

Zai kuma nuna wa ɗalibi iyakarsa. Mai horarwa ba ya gano cuta, ba ya rubuta magani, ba ya jinyar rauni. Wannan aikin likita ne da likitan gashin ƙashi, waɗanda a Najeriya akwai hukumomin da doka ta ɗora wa yi musu rajista. Kwas ɗin da ya fi ba da ƙarfi ga sayar da garin gina jiki da shayin rage ƙiba, kasuwanci yake koyarwa.

Akwai kuma abin da littafin da aka rubuta a Amurka ba lallai ya taɓo ba: yadda za a tsara atisaye ga mai azumi, ko a zafin watan Afrilu, ko ga matan da suka fi sakewa da mace mai horarwa a wurin da babu maza. Irin wannan sai a hannun wanda ya daɗe a aikin. Saboda haka yana da kyau a haɗa karatun intanet da 'yan watanni ana bin ƙwararre, ana kallon yadda yake gyara wa mutane tsayuwa da ɗaga nauyi.

Kafin a tura kuɗi, a samu amsar abu huɗu: sunan hukumar da ta tantance jarrabawar, ko ana sa ido a lokacin zamanta, jimillar kuɗin har da na sabuntawa, da sunan wurin aiki ko da guda ɗaya da ya ce zai karɓi takardar. Cibiyar da ta kasa amsa na farko kai tsaye, gara a nemi wata.