Godomey: Yadda matan Zango ke cika ciki da cefanen da bai taka kara ya karya ba

Duk wanda ya taɓa shiga Kwatano ta hanyar arewa, wato ya biyo ta Malanville da Kandi da Paraku da Bohicon, ya san ba zai ga tsakiyar birnin ba sai ya ratsa Godomey, inda babbar gadar sama ta raba hanya biyu, ɗaya ta nufi Ouidah da iyakar Togo, ɗaya kuma ta shige cikin gari. A takarda Godomey tana ƙarƙashin hukumar Abomey-Calavi ne, amma a zahiri ta riga ta haɗe da Kwatano, kuma ƙidayar jama'a ta 2013 ta nuna mazaunanta sun haura 250,000. A nan ne da yawa daga cikin 'yan'uwanmu da tsadar haya ta koro daga unguwar Zango ta cikin birni suka kama ɗakuna. Da safe maza su hau zemijan su tafi nema, mata kuma su zauna da lissafin da ya fi na kasuwa wuya, wato yadda kuɗin cefanen da aka ajiye musu zai kai gidan ga kwanciyar barci ba tare da wani yaro ya kwana da yunwa ba.

Idan mai karatu bai manta ba, shekarun nan ba su zo wa fataken kan iyaka da sauƙi ba. A watan Agusta na 2019 Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, ba a buɗe Seme ba sai a Disamba na 2020. A watan Mayu na 2023 aka cire tallafin man fetur a Najeriya, nan take man kwalba da ake kira kpayo ya yi tashin gwauron zabo a Benin, kuɗin zemijan da na dakon kaya suka bi bayansa. Wata biyu bayan haka sojoji suka karɓi mulki a Nijar, aka rufe gadar da ke tsakanin Malanville da Gaya, kuma ko da aka ɗage takunkumi a Fabrairun 2024 Benin ta buɗe nata ɓangaren, Nijar ba ta buɗe nata ba, lamarin da ya sa albasar Galmi da sauran kayan arewa suka koma ƙetare kogi cikin kwale-kwale, kowane hawa da sauka da kuɗinsa. Faɗuwar darajar Naira kuma ta rage masu zuwa sari daga Legas da Kano. A Afrilun 2024 ƙungiyoyin ƙwadago sun fito kan batun tsadar rayuwa a Kwatano, sannan a watan Mayu gwamnati ta dakatar da fitar da masara da sauran hatsi da garin rogo zuwa ƙetare don farashi ya sauko.

Mafi ƙarancin albashi a Benin tun farkon 2023 sefa 52,000 ne a wata. In aka raba shi kwana 30, bai kai jaka biyu a rana ba, kuma a ciki ne za a fitar da haya da ruwa da wuta da kuɗin makaranta. Ɗan kasuwa ba shi da albashi, amma yaran shago da 'yan dako da masu tura amalanke da yawa abin da suke samu bai wuce nan ba, wasu ranakun ma bai kai ba.

Abin da muka lura da shi a zagayen da muka yi a gidajen Hausawa na Godomey da Cococodji shi ne, ba tuwo ne ke cinye kuɗin cefane ba. Abubuwa uku ne ke cinye shi: miya, da gawayi, da sayen kullum-kullum na dala goma dala ashirin. Gidan da ya shawo kan waɗannan ukun, za ka tarar yaransa a ƙoshe ko da maigidan bai yi ciniki ba kwana biyu.

Mu fara da hatsi. Bahaushen da ya baro Maraɗi ko Katsina ya zo bakin teku yana neman tuwon gero da fura kullum, to aljihunsa zai gaya masa, domin gero baƙo ne a kudu, daga nesa ake kawo shi. Masara ce 'yar gida, kuma a kudancin Benin sau biyu ake girbe ta a shekara, ta farko wajen Yuli da Agusta, ta biyu wajen ƙarshen shekara, tsadarta kuwa ta fi tsanani a watannin da ke gaban girbin farko. Matan da suka daɗe a nan sun san wannan sarai. Maimakon kowace ta riƙa awon tongolo ɗaya, wato ma'aunin da ake amfani da shi a kasuwannin Benin kamar yadda muke amfani da mudu ko tiya, sai mata uku ko huɗu na gida ɗaya su haɗa kuɗi, wani lokaci daga kwasar adashi, su sayi buhu a lokacin kaka su raba. Sun kuma koyi wani abu daga maƙwabtansu Fon, waɗanda ke niƙa masara da dusarta ba surfe su tuƙa abin da suke kira wo. Tuwon ba ya yin fari tas irin wanda amarya ke so a gani, amma garin ya fi auki, ya fi riƙe ciki, kuma an huta da kuɗin surfe. Wadda ta surfa kuwa ba ta yar da komai: tsakin ya tafi fate ko dambu, dusar a sayar wa masu kiwon kaji da tumaki.

Sai dai a nan akwai abin lura. Iskar Kwatano ba irin ta Zinder ba ce, danshi ne da ita shekara zagaye, hatsin da aka jibge a kusurwar ɗaki kan siminti ba ya wata biyu sai ƙwari su huda shi ko ya yi fumfuna, kuma masarar da ta yi fumfuna guba ce mai lahani ga hanta, musamman ga yara, dafuwa ba ta kashe ta. Masu dabara kan shanya hatsin ya bushe ƙayau, su zuba a jarka ko duro mai murfi su toshe yadda iska ba za ta shiga ba, ƙwarin su mutu da kansu. Masu barbaɗa maganin ƙwari na gona a cikin wake ko masarar da za a ci a gida kuwa, muna roƙonsu don Allah su daina, arahar da za ta kai iyali asibiti ba araha ba ce.

Wake shi ne naman talaka a Godomey, kuma abin sha'awa shi ne ba sai an koya wa mutanen gari cin sa ba. Atassi da ake sayarwa a kowace kwana da safe ba wani abu ba ne illa shinkafa da wake, ɗan'uwan garau-garau ɗinmu. Bambancin gidan da ke lissafi shi ne yana rinjayar da wake a kan shinkafa, domin shinkafa kaɗai yaro ya ci da rana, kafin la'asar ya dawo yana kewaya madafi. Haka nan ɗan wake, wanda a nan ya fi sauƙi saboda garin rogo busasshe ba ya wuya: a haɗa da garin wake da 'yar kuka da ruwan kanwa, a jefa a tafasasshen ruwa, a zuba mai da yaji, ko man ja ne in man gyaɗa ya gagara. Mutum ya ci ɗan wake da hantsi, ruwa kawai zai yi ta nema har magariba. Ga kuma awara. Benin na noman waken suya sosai, matan gari ma suna yin ta suna sayarwa, kuma a cikin miya tana tsayawa a gurbin wagashin Fulani wanda yanzu sai mai hali.

Miya ce wurin da ake gane gwanar mace. An ce tuwon girma miyarsa nama, to amma girman da zai cinye jarin maigida ba girma ba ne. Abin da ke tayar da kuɗin miya shi ne ɗanyen tumatir da nama da albasa, kuma dukkansu akwai hanyar zagaye su. Idan tumatirin Kpomassè da kewaye ya cika kasuwa har ana roƙon mutane su saya, masu hangen nesa kan sayi kwando su markaɗa su dafa ya ƙone ruwansa, su soya da mai da gishiri su adana. Idan ya yi tsada kuma sai a koma ga abin da kakanninmu suka sani, wato miyar kuka da ta busasshiyar kuɓewa, waɗanda ba su buƙatar tumatir ko ɗaya. Kuka da kuɓewa da kauɗa da barkono ba su da nauyi, ba su lalacewa da wuri, duk direban da ya sauko daga arewa zai iya riƙo wa gida ƙulli ɗaya da zai yi watanni. Daddawa kuwa ba sai an jira ta gida ba, afitin da matan Fon ke sayarwa daga kalwa ake yin sa, ƙamshin ne kawai ya ɗan bambanta.

Ganye ma haka. Abin da suke kira crincrin lalo ne, fotete alayyafo ne, gboma kuma ganyen wani nau'in gauta ne, duk ana samun su da 'yan kuɗi kaɗan daga lambunan gefen gari. Maimakon nama, ƙananan kifi masu banda, irin na tafkin Nokoué da na teku, a daka su da ƙayarsu a zuba, ɗanɗanon ya game tukunya gaba ɗaya, kowa ya samu rabonsa, ba irin tsokar nama uku da za a sa wa maigida biyu yara shida su yi ta kallon ɗaya ba. Ƙuliƙuli, wanda a nan ake kira kluiklui kuma na yankin Agonlin ya yi suna, a daka shi ya yi kaurin miya ko ya yi kwaɗon zogale da garin rogo. Mun ci irin wannan kwaɗo a wani gida da ke bayan kasuwar Cococodji, da 'yar albasa da yaji, kuma gaskiyar magana ba mu nemi abincin dare ba ran nan.

Wani wurin da kuɗi ke zurarewa ba a ankara ba shi ne wuta. Gawayin da ake ƙullawa a leda ana sayarwa kaɗan-kaɗan ya fi na buhu tsada nesa ba kusa ba, ga shi da damina yana jiƙewa ya ƙara kuɗi. Uwargidan da ta jiƙa wake tun dare ta sa 'yar kanwa ta rage kusan rabin zaman da zai yi a kan kurfoti. Wasu kan sauke tukunyar shinkafa ko wake tana cikin tafasa, su rufe ta ruf, su naɗe da tsohon bargo ko buhunan algarara, zafin da ke ciki ya ƙarasa dafuwar. Ana yin miyar kwana biyu a hura wuta ɗaya, a tafasa ta sosai da dare da kuma safe don kada ta lalace. Sannan a tuƙa tuwon dare da ɗan yawa da gangan saboda ɗumame.

Batun ɗumamen nan ba ƙaramin abu ba ne. A ce gida na da yara biyar, kowanne ana ba shi dala ashirin, wato sefa 100, ya sayi burodi ko ƙosai a hanyar makaranta. Sefa 500 ke nan a rana, a kwana 30 jaka 15, abin da zai sayi hatsi mai yawa, kuma yaron kafin ƙarfe goma cikinsa ya fara kuka. Ɗumamen tuwo da miyar jiya, ko kokon da aka dama a gida da gasarar da aka tace da hannu, ya fi wannan riƙe ciki. Yaran da aka haifa a nan wasu na yi wa ɗumame kallon abincin ƙauye, amma iyayen da suka dage sun ga amfaninsa.

Ba za mu ɓoye ba, akwai inda tsimin ke wuce gona da iri. Mun ga gidajen da garin rogo da ruwa da sukari ya zama abincin yara safe da rana. Gari na cika ciki, amma ba ya gina jiki, in ba a haɗa shi da wake ko ƙuliƙuli ko kifi ba yaro zai ƙoshi yana ramewa. Haka kuma yawan dunƙulen magi da gishiri don a rufe rashin kayan miya, shi ma yana da nasa sakamakon ga masu hawan jini.

A nan ne za mu juyo kan 'yan'uwanmu maza, domin mu ma a cikinsu muke. Alhaji zai iya gaya maka ribar da ke cikin kwantenar gwanjo ko tirelar albasa har zuwa dala ɗaya, ya san sari ya fi sayen ɗai-ɗai, amma a gidansa kullum safe sai ya ciro 'yan canji ya miƙa, Hajiya ta je ta saya a hannu na huɗu. Daga nan ya wuce teburin mai shayi ya ci burodi da ƙwai da madara, da rana ya aika a sayo masa shinkafa da nama, da dare ya tsaya wurin mai tsire, wanda mutanen gari ke kira tchatchanga. In aka tara abin da shi kaɗai ya ci a waje, sau da yawa ya kai abin da ya bar wa mutum takwas. Ba mu ce kada a sha shayi ba. Amma ranar da ciniki ya faɗa, buhun masara da rabin buhun wake da jarkar mai su ne ajiyar da ba ta bin darajar Naira ko Sefa, kuma ita ce ke hana a taɓa uwar kuɗi ranar da kasuwa ta yi shiru.

Akwai kuma baƙi, waɗanda ba a sa su cikin lissafi amma kullum suna tafe. Tun zamanin fataken goro da shanu aka san Zango da fatoma, maigidan da ke saukar da baƙo ya ba shi wurin kwana da abinci har ya sayar da kayansa. Wannan al'ada ba ta mutu ba, ta bi mutane har Godomey. Ɗan garinku zai sauka da dare ba sanarwa, direban da takardunsa suka maƙale a tashar jiragen ruwa zai yi mako guda a ɗakin zaure, kuma ba wanda zai ce masa ba a dafa da shi ba. Shi ya sa matan nan suka fi son tuwo da miyar yauƙi a kan shinkafa da miyar dage-dage. Shinkafa in an auna ta an auna, baƙo ya zo sai a rage rabon wani. Tuwo kuwa, matuƙar akwai gari a roba, sai a ƙara ruwa a tukunya a ƙara rude, miyar kuka a ɗan tsinka ta a kaɗa wani cokali, a ɗauki kwano a miƙa wa yaro ya kai zaure.