Daga Tayi Zuwa Sallama: Bayani Ga Hakimai Da Malamansu A Kan Ƙananan 'Yan Kasuwa

An shirya wannan 'yar takarda ne domin Hakimai, ransu ya daɗe, da malaman da ke riƙe musu littattafai, sabo da su ne ke kusa da talakawa, su ne kuma mai ƙaramar sana'a ke fara kai wa kuka idan kasuwa ta juya masa baya. Ko wane Hakimi ya san irin wannan kuka. Mutum ya sayar da akuyarsa, ko ya ɗauki adashi, ya kafa tebur a bakin hanya, ya jera sabulu da ashana da sukari, kafin shekara ta zagayo jari ya karye. In aka tambaye shi dalili sai ya ce babu ciniki, wani ma ya ce baki aka yi masa. Amma da za a zauna kusa da teburin nan yini guda a lura, da an ga mutane suna zuwa. Su tsaya, su ɗaga kaya, su jujjuya, har su taya, sa'an nan su ajiye su wuce. Ashe masu bukata ba su ƙare ba. Abin da ya gagara shi ne ɗan takin nan da ke tsakanin tayi da sallama, a kansa kuwa za a yi bayani.

Duk wanda ya tsaya gaban kaya har ya taya, to yana da bukata, in ba haka ba da bai ɓata lokacinsa ba. Abin da ya fi riƙe masa hannu a bakin aljihu shi ne tsoro. Kuɗin talaka ƙidayayye ne, abin da ya kashe yau ba shi da na mayarwa gobe. Sabo da haka yana tsoron a tsuga masa kuɗi, yana tsoron a tauye masa mudu, yana tsoron abin ya lalace kwana biyu da saye, har yana tsoron ya kai gida uwargida ta duba ta ce an cuce shi. Mai kaya da bai san da wannan tsoro ba sai ya yi ta yabon hajarsa yana rantsuwa, mai saye kuwa yana ƙara ja da baya, domin ya sha jin irin wannan yabo daga bakin waɗanda suka zalunce shi.

Kakanninmu sun san wannan tun da daɗewa, kuma sun yi masa magani. Kasuwar Kurmi tana ci tun zamanin Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, fatake kuma sun yi ta kai kanwa da tufafi Gwanja, cikin ƙasar Gana ta yanzu, suna komowa da goro. A irin wannan fatauci mai kaya baƙo ne, mai saye bai san shi ba, bai kuwa san inda zai same shi gobe ba. Yaya za a yi su yarda da juna? Sai aka sami fatoma, watau mai gidan da ke saukar da baƙo ya ajiye masa kaya, aka kuma sami dillali, wanda gari ya san shi, ya san gidansa, ya san ba ya gudu. Wani masani, Abner Cohen, ya zauna a unguwar Sabo ta Badun, ya fitar da littafi a 1969 a kan yadda Hausawa ke cinikin shanu da goro a can. Ya nuna cewa bashi ake ba mahauta shanu, mai gida ne ke tsayawa a tsakani, in mahauci ya ƙi biya shi ke ɗaukar nauyi. Dukiya mai yawa tana ta sauya hannu haka nan, jinginarta mutuncin mutum guda. In aka duba da kyau, la'adar da ake ba dillali kuɗin kawar da tsoro ce.

To, mai tebur da mai shago da matar da ke dakan yaji a cikin gida ba su da dillali, ribarsu kuma ba ta kai a raba da wani ba. Tilas ne ko wannensu ya zama dillalin kansa, ya yi da hannunsa aikin nan na kwantar wa mai saye hankali.

Farkon wannan aiki shi ne a bar mutum ya gani, ya taɓa, in abin ci ne ya ɗanɗana, gama ba a cinikin biri a sama. Mai kilishi da ke yago ɗan ɓalli ya miƙa kafin a yi maganar kuɗi ya san abin da yake yi. Haka mai hatsi da ke cewa a zura hannu har gindin buhu, da mai atamfa da ke fita da turmi rana ya warware shi, da mai goro da ke buɗe huhu daga inda mai saye ya nuna. Abin da ya fi waɗannan duka ƙarfi, ko da yake shi ya fi wuya a bakin ɗan kasuwa, shi ne ya riga mai saye faɗin aibin kayansa. In ya ce wannan yadi yana zuba a wankin fari, wancan kuwa ba ya zuba amma ya fi tsada, to daga nan duk abin da ya faɗa an gaskata shi. Malamai sun daɗe suna karantar da cewa ɓoye aibi algus ne, kuma wanda ya sayi abu ya tarar da aibin da aka ɓoye masa yana da ikon mayarwa. Dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018 ita ma ta ba da wannan iko. Tun da abin ya riga ya zama wajibi, mai hankali sai ya mai da shi abin jawo ciniki, ya ce tun da fari, “In bai yi ba, dawo mini da shi.” Mai tsoron hasara in ya ji haka sai ya saki jiki.

Masu sarrafa kaya a gida, kamar yaji da garin kunu da zuma da man shafawa, su ma suna da hanyar tsaya wa kayansu ko ba sa wurin. Ƙullin da ba shi da suna maraya ne, in ya yi daɗi ba a san wa za a koma wa ba, in ya ɓaci ba a san wa za a tuhuma ba. A manna masa takarda mai sunan sana'ar da lambar waya da ranar da aka yi shi. Wanda ke son kayansa su shiga manyan kantuna kuwa sai ya nemi lambar hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993 domin kula da abinci da magunguna.

Sai maganar gyara, wadda ya kamata a tsaya a kanta, domin a nan ne ƙananan 'yan kasuwa da yawa ke yanka kansu ba su sani ba. Idan mai saye ya taya aka ce albarka, ya juya zai tafi, abin da ke fara zuwa zuciyar mai kaya shi ne ragi. Amma a yi lissafi. Mutum ya saro abu a kan naira 900 yana sayarwa 1,000, ribarsa 100 ke nan. In ya rage 50, shi mai saye gani yake yi ɗan abu kaɗan aka sauke masa, alhali mai kaya rabin ribarsa ya bayar, sai ya sayar da biyu kafin ya sami abin da ɗaya ke kawo masa. Bugu da ƙari, gobe mutumin nan daga 950 zai fara tayi, kuma zai gaya wa maƙwabcinsa. Gyara ba haka take ba. Mai awo ya cika mudu ya ƙara ɗan tafi guda a kai, mai tumatir ya jefa biyu bayan an gama ƙirga. Farashi yana nan inda yake, abin da ya fita daga hannun mai kaya a kuɗin sari ya fita, wanda ya karɓa kuwa alheri yake tunawa. Ragi yana da wurinsa, watau ga kayan da za su ruɓe kafin gobe, ko yayinsu ya wuce, ko ga wanda ya sayi da yawa. In ba nan ba, gyara ta fi.

Wani mai tayin kuma ba tsoro ne ya hana shi ba, abin da ke aljihunsa ne bai kai ba, kunya kuma ta hana shi faɗa. Maganin wannan ma tsoho ne a kasuwanninmu: a kasa kaya kashi-kashi, a ƙulla gishiri da daddawa ƙulli-ƙulli, kowa ya ɗauki daidai ƙarfinsa. Manyan kamfanoni ma wannan dabara suka bi. A 1993 aka fara sayar da madarar Cowbell a Nijeriya cikin 'yan ƙananan ƙunshi, sai ga wanda gwangwani ya fi ƙarfinsa yana zuba madara a shayi. Hanyar biya ita ma abin dubawa ce. A farkon 2023, sa'ad da takardun kuɗi suka yi ƙaranci bayan Babban Banki ya sake fasalin naira 200 da 500 da 1,000, an ga mutane da kuɗi a banki suna tsaye gaban kaya ba halin saye, ciniki kuwa ya koma wurin waɗanda suka yarda a tura musu ta waya. Bashi kam yana jawo ciniki, amma shi ne kabarin ƙaramin jari. Wanda zai ba da shi lalle ya rubuta, ya sa rana, ya kuma yanke wa kansa iyakar da ba zai wuce ba ko ɗan'uwansa ne ya zo.

Lokaci ma ba abin rainawa ba ne. Manomi da kaka yake da kuɗi, ma'aikaci a ƙarshen wata, mai kiwo ranar da ya sayar da dabba, kamar Juma'a a Wudil ko Alhamis a Maigatari. Mai iri da taki da ya bari har shuka ta yi nisa ya makara, tela kuma da ya jira daren Salla kafin ya tuna wa mutane ɗinki ya jawo wa kansa rigima.

Shela da talla aikinsu su kawo mutum bakin rumfa, daga nan ya rage ga mai rumfa. A da mai shela ne da yara masu talla, daga baya rediyo ta shigo, tun daga 2001 kuma wayar hannu ta bazu har ƙauyuka. Yau matar da ke cikin gida tana iya ɗaukar hoton kayanta ta aika wa matan unguwa ta WhatsApp, a yi ciniki a gama ba ta fito ba. Wannan abu ne da ya kamata Hakimai su ƙarfafa, domin ko wace yarinya da waya ta ɗauke wa faifan talla ta sami damar zama a aji, dokar ilmi ta 2004 kuwa ta wajabta sa yara makaranta. Sai dai a gargaɗi masu yin haka da abu biyu. Hoton ya zama na kayan da za a kai ɗin ne, ba na wani mai kama da shi ba. Kuma wanda ya tambayi kuɗi ya yi shiru, a tuna masa sau ɗaya cikin ladabi, kada a dame shi dare da rana har ya toshe lambar. Masu ɗaura lasifika a mota suna cewa ƙullin magani guda yana warkar da ciwo arba'in, da masu sa abokinsu ya yi tayin ƙarya don ya zuga na gaskiya, waɗannan ba abin koyi ba ne. Sukan tara jama'a, amma shi ya sa ba sa cin kasuwa ɗaya sau biyu.

Abin da ya rataya a wuyan Hakimi

Tun gyaran mulki na 1976 kasuwanni suka koma hannun ƙananan hukumomi, Hakimi ba shi da ikon da yake da shi a zamanin En'e. Duk da haka Sarkin Kasuwa da Sarkin Pawa da shugabannin ma'auna suna jin maganarsa, kuma akwai abu guda da ɗan kasuwa ba ya iya yi wa kansa komi gaskiyarsa, watau gyara sunan kasuwa. In aka san kasuwar gari kaza da bugaggen mudu, ko da jiƙa hatsi, ko da zuba yashi a gindin buhu, to mai gaskiya da macuci tare za su yi hasara, gama baƙo ba ya tsayawa tantancewa, kasuwar gaba kawai zai wuce. Sabo da haka ana roƙon Hakimai su sa a riƙa gwada mudu da tiya da sikeli a bainar jama'a, ba tare da an sanar da rana ba, a kuma san wurin da wanda aka cuta zai kai ƙara a ranar kasuwa a share masa hawaye kafin ya hau mota. Baƙon da aka mayar wa kuɗinsa a gaban mutane zai kai labarin garinsu.

Malaman Hakimai kuwa suna iya taimakawa da alƙalami. Su rubuta wa mai shago allon suna da farashi in bai iya ba, su nuna masa yadda ake ja wa littafin bashi layi, su kuma nuna wa wanda sana'arsa ta fara girma hanyar hukumar SMEDAN, wadda aka kafa da dokar 2003 domin ƙanana da matsakaitan sana'o'i, da hukumar rajistar kamfanoni. Idan kuma wani ya zo da kukan babu ciniki, kada a sallame shi da haƙuri kaɗai. A ce ya koma ya lura har kasuwa huɗu: mutum nawa suka tsaya, nawa suka taya, nawa suka saya, me kuma waɗanda suka tafi suka ce da za su tafi. In bai iya rubutu ba ya riƙa jefa tsakuwa a gwangwani uku. In masu tsayawa ne suka yi kaɗan, a duba wurin da ya kafa tebur da yadda yake sanarwa. In suna tsayawa ba sa tayi, a duba kayan da yadda ya jera su. In kuwa suna tayi suna tafiya, malam ya zauna da shi su bi farashinsa da ƙullinsa da irin maganar da yake yi wa mutane, ɗaya bayan ɗaya.