Mai Ƙuri'a da Mai Baitulmali: Haniyya da Fayyad a Kan Ma'auni

A watan Maris na 2007 Falasɗinawa suka kafa gwamnatin haɗin kan ƙasa, bayan sulhun da Sarki Abdullah na Saudiyya ya yi wa Fatah da Hamas a Makka. Isma'il Haniyya ne firaminista, Salam Fayyad kuma ministansa na kuɗi. Wata uku kacal gwamnatin ta yi. A tsakiyar Yuni, bayan kwanaki ana ɓarin wuta a titunan Gaza, Hamas ta fatattaki dakarun Fatah daga zirin. Shugaba Mahmud Abbas ya tuɓe Haniyya, ya naɗa Fayyad, Haniyya kuwa ya ce bai tuɓu ba. Tun daga ranar har zuwa 2013, al'ummar da ba ta da ƙasar kanta ta zauna da waɗannan mutum biyu a matsayin firaminista, ɗaya a Gaza, ɗaya a Ramallah, gwamnatin kowanne tana kiran ɗayar haramtacciya.

Duk mai sauraron labaran duniya da Hausa ya san Haniyya, balle tun da aka kashe shi a Tehran ranar 31 ga Yulin 2024. Fayyad kuwa sai an yi bayani, in ma an tuna shi, yawanci da sunan yaron Amurka ake tuna shi. A ganina an yi gaggawar yanke wannan hukunci, kuma ba za a gane abin da ya sami siyasar Falasɗinu ba sai an auna mutanen biyu tare.

Haniyya ɗan sansanin 'yan gudun hijira ne na Shati, a bakin tekun Gaza. Iyayensa suna cikin waɗanda aka raba da gidajensu a yankin Askalan a 1948. Ya karanta adabin Larabci a Jami'ar Musulunci ta Gaza, ya sha zaman kurkukun Isra'ila, yana cikin mutum sama da 400 da aka kwasa aka jibge a Marj al-Zuhur da ke kudancin Lebanon a Disambar 1992, daga baya ya zama shugaban ofishin Shehu Ahmad Yasin, jagoran Hamas. Mai huɗuba ne, ya san yadda ake magana da talaka, kuma ko da ya zama firaminista bai bar gidansa na cikin sansanin ba. Fayyad daga ƙauyen Deir al-Ghusun ya fito, kusa da Tulkarm. Ya yi karatu a Beirut, ya yi digirin digirgir kan tattalin arziki a Jami'ar Texas, ya shafe shekaru yana aiki da Asusun Ba da Lamuni na Duniya, har ya zama wakilin asusun a wajen Hukumar Falasɗinawa. Bai taɓa zama ɗan Fatah ba, ba shi da tarihin ɗaurin kurkuku ko ɗaukar makami, alhali a siyasar Falasɗinu waɗannan su ne takardun shaidar da jama'a ke fara tambaya.

Zaɓen majalisa na 25 ga Janairun 2006 shi ya nuna nauyin kowanne a idon mutane. Jerin 'yan takarar Hamas da Haniyya ya jagoranta ya ci kujeru 74 cikin 132, Fatah ta sami 45. Jam'iyyar da Fayyad ya kafa tare da Hanan Ashrawi kujera biyu ta samu, tasa da tata. Masu sa ido na duniya, ciki har da tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter, sun ce zaɓen ya yi tsafta. Saboda haka in ana batun wanda jama'a suka ba amana, babu gardama, Haniyya ne. Abin da aka yi masa bayan nan zalunci ne, kuma Falasɗinawan da suka kaɗa ƙuri'a aka zalunta kafin shi. Amurka da Tarayyar Turai da Rasha da Majalisar Ɗinkin Duniya suka gindaya sharuɗɗa uku: a amince da Isra'ila, a ajiye makami, a karɓi yarjejeniyoyin baya. Da Hamas ta ƙi, sai aka toshe tallafi, Isra'ila ta riƙe kuɗin kwastan da take karɓa a madadin Falasɗinawa, ma'aikata sama da dubu ɗari suka yi watanni babu cikakken albashi. Bayan kama sojan Isra'ila Gilad Shalit a Yunin 2006, aka tsare ministoci da gomman 'yan majalisar Hamas, har da kakakinta Aziz Duwaik. A Disambar shekarar aka tare firaminista da kansa a mashigar Rafah saboda ya dawo daga rangadi da miliyoyin daloli a akwatuna, don bankuna sun ji tsoron taɓa kuɗinsa. Abin lura, ƙasashen da suka matsa wa Yasir Arafat a 2003 sai ya ƙirƙiro kujerar firaminista don a rage masa iko, su ne kuma suka dawo suna neman a mayar da ikon hannun shugaban ƙasa da zarar kujerar ta faɗa hannun wanda ba su so.

Fayyad ya hau mulki ta dokar ta-ɓaci, kuma majalisa ba ta taɓa kaɗa wa gwamnatinsa ƙuri'ar amincewa ba, domin tun daga 2007 majalisar ba ta sake cikakken zama ba. Wannan tabo ne da ya bi shi har ya sauka. Sai dai yana da wani jari da ya tara tun 2002, lokacin da Arafat ya ba shi ma'aikatar kuɗi. A wancan zamani kuɗin hukuma a warwatse suke cikin asusu daban-daban, wasu babu wanda ya san da su sai shugaba da 'yan gaban goshinsa. Albashin jami'an tsaro a jaka ake miƙa wa kwamandoji su raba yadda suka ga dama. Fayyad ya tattara kuɗin shiga cikin asusun bai-ɗaya, ya sa ana wallafa kasafin kuɗi kowa ya gani, ya haɗa kadarorin hukuma ƙarƙashin asusun zuba jari guda, ya kuma dage sai kowane jami'in tsaro ya karɓi albashinsa ta banki. Wannan na ƙarshe ya fi kowanne jawo masa maƙiya, don ya toshe hanyar cin da sunan ma'aikatan bogi, ya kuma raba kwamanda da abin da yake sayen biyayyar yaransa da shi. Mutumin da ba shi da bindiga ko jam'iyya ya yi wannan a gaban Arafat. Wanda ya san yadda ɓarayin gwamnati ke kare abincinsu zai gane cewa wannan ma jarumta ce.

A Agustan 2009 ya fito da shirinsa na shekara biyu. Hujjarsa ita ce, tun yarjejeniyar Oslo ake ce wa Falasɗinawa ba su isa riƙe ƙasa ba, to bari a gina ƙasar tun kafin a ba da ita: kotu, 'yan sanda, haraji, makarantu, asibitoci, har ya zama babu sauran uzuri. Ya yi ta zagaya ƙauyuka yana buɗe rijiyoyi da azuzuwa da ƙananan hanyoyi. 'Yan bindigar da suka addabi Nablus da Jenin suka ragu a tituna, kasuwa ta buɗe, albashi ya riƙa zuwa. Ya kuma jagoranci ƙaurace wa kayan da ake sarrafawa a matsugunan Yahudawa 'yan kama-wuri-zauna, har ya jefa wasu cikin wuta da hannunsa a Salfit a 2010. A Afrilun 2011 Bankin Duniya da Asusun Ba da Lamuni da Majalisar Ɗinkin Duniya duk suka ba da shaida cewa cibiyoyin Hukumar Falasɗinawa sun kai matsayin na ƙasa mai cin gashin kanta.

Daga nan babu abin da ya biyo baya. Ya cika alkawarinsa, masu yabonsa ba su cika nasu ba. Kusan kashi 60 cikin 100 na Gaɓar Yamma da Kogin Jordan yana nan ƙarƙashin cikakken ikon Isra'ila, matsugunai suna ta faɗaɗa. Hanyar da ya shimfiɗa wa manoman ƙauyen Karawat Bani Hassan, sojoji suka zo da buldoza suka farfashe ta a 2010 saboda an yi ta babu izininsu. Bunƙasar tattalin arzikin ma yawancinta kuɗin tallafi ne, kuma bisa yarjejeniyar Paris ta 1994, Isra'ila ce ke karɓar mafi yawan harajin Falasɗinawa a tashoshi, ta sake shi ranar da ta so. Da tallafi ya ja baya, albashi ya fara makara. A Satumbar 2012 aka fito zanga-zangar tsadar rayuwa a Hebron da Nablus da sauran garuruwa, sunan Fayyad ake kira a yi waje da shi. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa. Manyan Fatah, waɗanda da ma suke jin haushin baƙo ya riƙe musu lalita, suka ƙara wa wutar fetur. Bayan saɓani da Abbas kan murabus ɗin ministan kuɗi Nabil Kassis, ya ajiye aiki a Afrilun 2013.

Akwai zargi ɗaya da ba zan wanke shi daga gare shi ba. Zaman lafiyar da ya samar a tituna ya dogara ne kan haɗin gwiwar tsaro da Isra'ila, da dakarun da Janar Keith Dayton na Amurka ya jagoranci horarwa. A zamaninsa an kama ɗaruruwan mutane bisa zargin alaƙa da Hamas, an rufe ƙungiyoyin agaji, an sallami malaman makaranta saboda ra'ayinsu, kuma ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam sun tabbatar da azabtarwa a wuraren tsare mutane. Bafalasɗine yana ganin ɗan sandansa ya ɓace daga titi da dare in sojan mamaya zai shigo kama wani. Mai irin wannan gani da wuya ka gamsar da shi da tsaftar kasafin kuɗi.

To amma a ɗora mulkin Haniyya a kan ma'aunin nan. Gaza ta zauna cikin ƙawanya ta ƙasa da ruwa da sama, Masar ma ta rufe nata ɓangaren mafi yawan lokaci. Siminti da man fetur da abinci ta ramukan ƙarƙashin ƙasa na Rafah suke shigowa, gwamnati tana karɓar haraji a kansu. Ta iya riƙe tsaro a cikin gida, ta kuma karɓo fursunoni 1,027 a musayar Shalit a 2011, abin da shekarun tattaunawar Ramallah ba su samo irinsa ba, kuma wannan ya ƙara wa Hamas daraja ƙwarai. Sai dai ita ma ta kama 'yan adawa, ta azabtar, ta zartar da hukuncin kisa ba tare da sa hannun shugaban ƙasa da doka ta tanada ba. Wa'adin majalisar da ta ba ta halasci ya ƙare a 2010, ta ci gaba da mulki. Yaƙin ƙarshen 2008 ya ci Falasɗinawa kusan 1,400, na 2014 ya ci sama da 2,000, galibinsu fararen hula. Isra'ila ce ta jefa bama-baman, alhakin jinin yana wuyanta. Duk da haka shugaba yana da nasa alhakin: ya san abin da zai sauka a kan mutanensa kafin ya ɗauki mataki, ya kuma tanadar musu mafaka.

An san Haniyya da sassauci a cikin Hamas. Ya sha nuna zai karɓi ƙasa a kan iyakokin 1967 tare da doguwar tsagaita wuta, kuma a gidansa na Shati aka sa hannu kan sulhun Hamas da Fatah na 2014 da ya sa ya bar kujerar firaminista. Da an gwada shi a 2006 maimakon a shaƙe shi, wataƙila da tarihi ya bi wata hanya. Amma bayan ya gaji Khalid Mash'al a shugabancin ƙungiyar a 2017, ya kuma koma zama a waje, a ƙarƙashin jagorancinsa aka kai harin 7 ga Oktoban 2023, wanda ya kashe mutum kusan 1,200, akasarinsu fararen hula, aka yi garkuwa da kimanin 250. Ya fito ya kare harin. Abin da ya biyo baya kowa ya gani: dubun dubatar gawarwaki, yunwa, da zirin da aka mayar kufai. Shi ma ya biya da jininsa, an kashe 'ya'yansa uku da wasu jikokinsa a Afrilun 2024 kafin a kai gare shi. Wannan yana sa a girmama juriyarsa, amma ba ya amsa tambayar ko hanyar ta kusantar da uwar da ke Khan Yunis ga 'yanci.

In aka ce in zaɓa, ina tare da Fayyad, ina sane da cewa hanyarsa ma ba ta kai ba. Dalilina shi ne abin da ya gina abu ne da kowace ƙasar Falasɗinu za ta buƙata ran da ta samu, ko wa ke mulkinta, kuma kuskurensa bai jawo an binne unguwanni ba. Babban rauninsa shi ne ya ɗauka nagarta za ta sa mai ƙarfi ya ji kunya, bai kuma gina rundunar jama'a da za ta tsaya masa ba. Laifin da ya fi girma yana kan gwamnatocin da suka hukunta Falasɗinawa don sun yi zaɓe a 2006, sannan suka yi biris da su bayan sun gina cibiyoyi a 2011. Matashin da ya ga waɗannan biyun, me za a ce masa ranar da mai bindiga ya zo yana kiransa?

Irin sakayyar da aka yi wa Fayyad ta ƙara fitowa fili a Fabrairun 2017, lokacin da Sakatare Janar Antonio Guterres ya so naɗa shi wakilin Majalisar Ɗinkin Duniya a Libiya. Jakadiyar Amurka Nikki Haley ta hana, ba don an same shi da wani aibu ba, sai don shi Bafalasɗine ne kuma Amurka ba ta amince da ƙasar Falasɗinu ba. Ya koma koyarwa a Jami'ar Princeton. A 2021, da aka sa ranar zaɓen majalisa na farko cikin shekara goma sha biyar, ya yi rajistar jerin 'yan takararsa, Hamas ma ta yi nata, Fatah ta dare gida uku. Saura 'yan makonni a kaɗa ƙuri'a Abbas ya ɗage zaɓen, yana mai cewa Isra'ila ba ta ba da tabbacin za a yi shi a Gabashin Ƙudus ba.