Talauci Daban, Fatara Daban: Abin da Unguwar Sabo ta Ibadan Ke Nunawa

A bakin 'yan siyasa da masu karanta labarai, "fatara da talauci" sun zama Hassan da Hussaini, ba a kiran ɗaya a bar ɗaya. Amma Bahaushe bai ɗauke su abu guda ba. Talaka yana da sana'a, ko da ta hannu baka hannu ƙwarya ce, yana da rufin asiri, kuma ba ya jin kunyar sunan. Da sunan nan ne ma jam'iyyar NEPU ta su Malam Aminu Kano ta yi tinƙaho tun daga 1950. Fatara kuwa ita ce inda rufin asirin ya ƙare: babu cin yau balle na gobe, babu jari, babu abin sayarwa, babu kuma ƙofar da za a ƙwanƙwasa. Shi ya sa ake cewa fatara ta kama wane, ko ta yi masa katutu. Tsiya kuma ta riga ta koma zagi, domin mai kuɗi ma idan ya cika rowa da mugun hali matsiyaci ne.

Wanda ke son ganin wannan bambanci da idonsa ya je Sabo, unguwar Hausawa da ke Mokola a Ibadan, wadda aka kafa a 1916. Cinikin shanu da goro ne ya raya ta. Baƙo kan sauka daga Arewa babu ko anini, amma maigida ya ba shi masauki da abinci, ya haɗa shi da dillalai ko 'yan dako, har ya tsaya da ƙafarsa. Wannan baƙo matalauci ne, amma fatara ba ta kama shi ba, tunda yana da mutane. Abner Cohen, wanda ya yi bincike a unguwar a farkon shekarun 1960 ya fitar da littafinsa a 1969, ya tarar har mabarata suna da tsari: makafi da guragu da kutare kowane rukuni da sarkinsa, da inda yake kwana. Ba yabon bara nake yi ba. Sai dai tsarin ya nuna mutanen Sabo sun gane cewa rashin madogara ya fi rashin kuɗi kisa.

Malaman fiƙihu ma sun tsefe maganar, don Suratut Tauba ta ambaci faƙirai da miskinai daban-daban cikin masu karɓar zakka. A mazhabar Malikiyya, wadda muke bi, faƙiri yana da ɗan abin da ba zai kai shi shekara ba, miskini kuwa ba shi da komai. Shafi'iyya sun juya lissafin. Ko ta wace fuska aka duba, akwai na ƙasa, akwai na can ƙasa.

Alƙaluman zamani ba su cika lura da haka ba. A 2022 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce mutum miliyan 133, wato kashi 63 cikin 100 na 'yan Najeriya, suna fama da talauci ta fuskoki da dama. Bankin Duniya kuma ya ja layin matsanancin talauci a kan dala 3 a rana tun Yunin 2025. Ma'aunai ne masu amfani, amma ba sa tambayar wa zai biya maka kuɗin magani idan ka kwanta. Kuma idan aka zuba kowa a buhu ɗaya, mai ƙarfin bin layi da sanin kansila shi ke kwashe tallafin, tsohuwar da ke zaune a gefen titin Jemibewon da ke Sabo ko sunanta ba ya shiga takarda.

A 'yan shekarun nan gwamnatin Jihar Oyo ta sha kwashe mabarata daga Mokola da Sabo zuwa matsugunin da ta tanada a Akinyele, wasu kuma suna sulalewa su dawo. Ana cewa taurin kai ne. Ni dai ina ganin lissafi ne: a Sabo akwai masallacin Juma'a, akwai 'yan canji, akwai Yarbawa masu kawo sadaka, akwai maƙwabcin da zai lura idan yau ba ka fito ba.