Kumfar da Ke Toshe Kunnen Na'urar Auna Zurfin Teku

Hasken rana ba ya kaiwa ƙasan teku mai zurfi, shi ya sa masu zana taswirarsa suke dogara da sauti. Na'urar sona da ke maƙale a ƙarƙashin jirgin ruwa tana aika ƙara zuwa ƙasa, sannan ta saurari amsa-kuwwa. Lissafin irin wanda kuke yi ne a ajin Fiziks. Sauti na tafiyar kusan mita 1,500 a daƙiƙa guda cikin ruwan teku, saboda haka idan ya je ya dawo cikin daƙiƙa 4, zurfin wurin mita 3,000 ke nan.

Sai dai wannan lissafi yana aiki ne idan ruwan ba ya ɗauke da iska. Duk lokacin da goshin jirgi ya daki igiyar ruwa, iska na kutsawa ciki ta zama ƙananan kumfa, ruwa kuma ya kwashe su ya bi da su ta ƙarƙashin jirgin, daidai fuskar na'urar. Kumfar sai ta tarwatsa sautin, ta shanye wani ɓangarensa. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, iska kashi 1 cikin 100 kacal ta isa ta mayar da gudun sauti ƙasa da mita 150 a daƙiƙa, alhali a cikin iska zalla yana yin kusan mita 340. A taswira sai a ga giɓi, ko tudu da rami na ƙarya, dole jirgi ya sake bin layin, mai da lokaci sun tafi.

Ku gwada a gida. Ku zuba Milo a ruwan zafi, ku gauraya, sannan ku riƙa ƙwanƙwasa gindin kofin da cokali. Ƙarar za ta fara da kauri, ta riƙa sirancewa yayin da kumfa ke fita. Masanin Fiziks Frank Crawford na Amurka ya yi bayanin wannan a 1982.

Masu ƙera jiragen bincike kan sauko da na'urar ƙasa da cikin jirgi, inda kumfa ba ta cika kaiwa ba. Matuƙa kuma kan rage gudu ko su sauya alƙibla. Aikin da saura sosai, domin shirin Seabed 2030 da aka ƙaddamar a 2017 yana son kammala taswirar ƙasan teku nan da 2030, amma abin da aka auna dalla-dalla bai fi kashi ɗaya cikin huɗu da kaɗan ba.