Dokin da Bai San Linzami Ba

Mutumin Potiskum, wanda ya tashi yana kallon hawan Sallah, ya saba ganin ingarma sanye da sirdi da likkafa, ana ba shi harawa da dusa da kanwa a turke, da wuya hankalinsa ya karɓi cewa akwai wani jinsin doki wanda bai san barga ba, bai kuma san linzami ba. Alhali kuwa akwai shi, can ƙasar Mongoliya, a gandun dajin Hustai mai duwatsu da tuddai, kimanin kilomita 100 daga birnin Ulanbato. Mutanen ƙasar suna kiransa takhi, Turawa kuwa suka laƙaba masa sunan Przewalski, wani hafsan sojan Rasha matafiyi.

Siffarsa sai ta ba barade dariya: gajere ne, ƙaƙƙarfa, mai ƙaton kai, launinsa kusa da na gunya, ƙafafunsa baƙaƙe, gezarsa a tsaye kyam kamar ta jaki. Lallai ba dokin da za a yi wa kwalliya a kai jahi ba ne, amma ni dai ban ga aibu ga halittar da ke jure sanyin da ke daskarar da kogi ba.

Al'amarinsa abin ta'ajibi ne, domin bayan 1969 an daina ganinsa a daji, saboda farauta da tsananin ɗari da cunkoson dabbobin makiyaya a mashaya, har ya zama zuriyarsa duka ta rage ga 'yan ƙalilan da aka tsare a gidajen namun daji na Turai da Amurka. Daga jikokin waɗannan ne, bisa ƙudurar Ubangiji da himmar masana, aka ɗauko wasu a jirgin sama daga Holan a 1992, aka mayar da su ƙasar kakanninsu.

Mai ziyara sai ya yi haƙuri irin na mafarauci, gama da rana dawakin suna hayewa kan tuddai neman iska, sai da asuba ko gab da magariba suke gangarowa rafi, kowane ingarma yana kora goɗiyoyinsa, yana tsare dukushi daga kyarkeci. Ba a yarda a matso kusa da su ba. Daga nesa ake kallo da tabarau mai jawo nesa.

Wanda guzurinsa bai kai Mongoliya ba, to ya nufi dajin Sumu a ƙasar Ganjuwa ta Jihar Bauci, inda aka saki jakunan dawa, waɗanda su ma ba su san linzami ba, da aka kawo daga Namibiya a 2006.